Yadda Ake Ɗaukar Hoton Karnukan Tsaro a Filin Horo

Duk wanda ya taɓa tsayawa da kyamara a gefen filin da ake horar da karnukan tsaro ya san yadda aikin yake da wuya. Kare ya taso a guje, ya daka tsalle, ya cafke hannun cizo, wato kakkaurar rigar hannu ta kariya da mataimakin mai horarwa ya sanya, duk cikin ƙiftawar ido, amma idan aka duba hoton sai a tarar da jela kawai, ko kuwa wata inuwa mai dishi-dishi. Masu farawa sukan ɗora wa kyamara laifi, alhali sau da yawa matsalar ita ce ba su san inda karen zai sauka ba kafin ya isa wurin.

Saboda haka, matakin farko shi ne a fahimci atisayen kafin a ɗaga kyamara. Horon kariya da ake yi a ƙasashe da dama ya samo asali ne daga tsarin Schutzhund, wanda aka fara a Jamus a farkon ƙarni na 20 domin gwada ingancin karen makiyayan Jamus, kuma tun daga 2019 ake kiransa IGP. Yana da sassa uku: bin sawu, biyayya, da kariya. A sashen kariya, kare yakan zagaya maɓoya yana neman mutumin da ya ɓuya, wato mataimakin, idan ya same shi ya tsaya gabansa yana haushi ba tare da cizo ba, sai idan mutumin ya yi yunƙurin gudu ko kai farmaki sannan ya kama hannun cizon. Akwai kuma dogon hari, inda ake sako karen daga can nesa ya nufo mutumin kai tsaye. Tun da kowane atisaye yana da tsarinsa, yana da kyau mai hoto ya kalli zagaye ɗaya ko biyu da idonsa kawai, ya lura da inda mataimakin yake tsayawa, da hannun da ya sa wa kariya, da ɓangaren da yake juyawa idan karen ya kama.

Bayan haka sai a nemi mai horarwa ya nuna wurin tsayawa, kuma a bi abin da ya faɗa sau da ƙafa. Karen da ke cikin zafin aiki yana lura da kowane motsi, don haka bai kamata a kira shi, ko a yi masa fito, ko a miƙe zumbur daga tsugune ba, kuma kada a kunna filasha ko kusa. Bai dace mai hoto ya tsaya a kan layin da karen zai biyo ba, ko da kuwa yana bayan mataimakin ne, domin kare yakan kuskure kamu ya wuce da ƙarfinsa. Gilashin zuƙo nesa mai milimita 70 zuwa 200 shi ya fi dacewa da wannan aiki, saboda yana ba mutum damar cika hoto da kare alhali yana nesa da shi.

Mataki na uku shi ne saita kyamara, kuma a nan saurin shata, wato ɗan lokacin da kyamara take buɗe idonta ta rufe, ya fi komai muhimmanci. Idan kare yana gudun kilomita 40 a awa, yana cin kusan mita 11 ke nan a kowace daƙiƙa. A saurin 1/250 na daƙiƙa zai motsa fiye da santimita 4 kafin shata ta rufe, wanda ya isa ya shafe ido da haƙora gaba ɗaya, amma a 1/2000 motsin bai wuce milimita 6 ba. Shi ya sa nake ganin kada a sauka ƙasa da 1/1000 ga kare mai gudu, kuma a ɗaga zuwa 1/1600 ko 1/2000 idan za a ɗauki dogon hari, musamman ga kare mai zafin nama irin Malinois na Beljiyam. ISO kuwa, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, a bar ta ta zaɓa da kanta, ko da zai hau 1600 ko 3200, domin hoto mai ɗan tsakitsaki yana gyaruwa a kwamfuta, wanda motsi ya ɓata kuwa ba shi da magani.

Ƙofar haske tana buƙatar tunani. Buɗe ta zuwa f/2.8 yana narkar da bayan hoto ya fito da kare fes, sai dai waɗannan karnuka suna da dogon baki, kuma idan suna tahowa gaba da gaba kyamara takan kama hanci ko hannun cizon ta bar ido a dushe. Matse ta zuwa f/4 ko f/5.6 yakan ceci hoton. Sannan a sa kyamara a tsarin bin abu mai motsi, wanda Canon ta daɗe tana kira AI Servo, Nikon da Sony kuma AF-C, a kunna ɗauka a jere. Idan kyamarar tana gane idon dabba, a gwada shi, amma a lura ko yana tsallakawa kan fuskar mataimakin a daidai lokacin kamu. Idan yana yin haka, gara a koma ga ƙaramin yankin saiti, wato ɗan wurin da kyamara take mayar da hankali a kai don ya fito fes, a riƙe shi a kan kan karen ko ƙirjinsa.

Sai maganar wurin zama da haske. A durƙusa ko a zauna har kyamara ta zo daidai da idon kare, idan mai horarwa ya amince, domin daga nan ne ake ganin tazarar da ke tsakanin ƙafafunsa da ƙasa lokacin tsalle, kuma hoton da aka ɗauka daga tsaye yakan ƙanƙantar da shi. A bar rana a bayan kafaɗa. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi tsakar rana nesa ba kusa ba, musamman ga baƙin kare irin Rottweiler ko Dobermann, wanda rana tsaka take mayar da fuskarsa duhu babu ido babu baki. Idan aka ga haka, a ƙara haske kaɗan, a duba cewa idon yana ƙyalli. A lokacin hunturu a ƙasarmu, ƙurar da ƙafafun kare suke tayarwa tana ƙara wa hoto armashi idan rana ta haska ta daga gefe, amma kada a sauya gilashi a tsakiyar fili, don ƙura za ta shige cikin kyamara. A kuma duba abin da ke bayan karen tun kafin a fara, kada mota ko turken lantarki ya tsiro daga kansa.

Lokacin latsa maɓalli shi ne inda sanin atisaye yake biya. A fara bin karen da saiti tun yana nesa, a bar kyamara ta kama shi sosai, sannan a fara ɗauka taki biyu ko uku kafin ya tashi sama, kada a saki sai ƙafafunsa sun dawo ƙasa. Hoton da ya fi ƙarfi galibi shi ne na dab da kamu, lokacin da jiki ya miƙe a iska, baki a buɗe, kunnuwa a kwance, ido a kan hannun cizon. Wanda ya jira sai ya ga cizon kafin ya latsa ya riga ya makara. Haushin gaban maɓoya kuwa ya fi sauƙi, tun da karen yana wuri ɗaya, kuma nan ne ya kamata mai koyo ya fara gwada hannunsa.

Idan aka koma gida, a zuƙo kowane hoto a duba ido kafin komai, a zubar da duk wanda idon bai fito ba komai kyan tsallen. Wajen yanke hoto, a bar fili a gaban karen ta inda ya nufa, kuma kada a datse ƙafa ko jela. Waɗanda suka nuna yadda bakin ya cika hannun cizon, da yadda mataimakin ya karɓi nauyin karen, a ware su a kai wa mai horarwa, domin da su yake gane ko kamun cikakke ne ko na bakin haƙori.