Darasi na Tara: Hoton da Abba Ya Aiko daga Ƙasar Sanyi

Karatu

Wata ranar Asabar a watan Nuwamba, bayan la'asar, ƙanwata ta shigo gidana riƙe da waya, hankalinta a tashe. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo min.

"Yaya, duba min. Gobara aka yi a garin su Abba? Ka ga ko'ina toka."

Na karɓa na duba. Titi ne da motoci a jere, ga itatuwa babu ganye ko ɗaya, komai ya lulluɓe da wani abu ruwan toka. A ƙasan hoton an rubuta: "Umma, yau ta sauka." Ƙanwata ta iya haɗa baƙi, da kanta ta karanta rubutun. Hoton ne ya gagare ta karantawa. Na ce ta kwantar da hankalinta, dusar ƙanƙara ce, kuma a ido fara ce fat kamar auduga. Waya ce ta mayar da ita toka, za mu ga dalili nan gaba.

Abba ɗanta ne na fari. Sunan mahaifinmu ya ci, shi ya sa babu mai kama sunansa na yanka a gidanmu. Yana karatu a Jami'ar Manitoba da ke birnin Winifeg a ƙasar Kanada, tsohuwar jami'a ce da aka kafa tun 1877. Ya isa can a ƙarshen Agusta, gari kore shar, yana yawo da riga mai gajeren hannu. Bayan wata uku, kogin da ke gefen makarantarsu ya fara daskarewa.

Na san a ajin nan akwai masu ɗa ko ƙane ko jika a irin waɗannan ƙasashe. Akwai kuma waɗanda nasu suke shirin tafiya. Saboda ku na rubuta wannan darasi.

Mece ce dusar ƙanƙara?

Ƙanƙara dai mun san ta. Akwai wadda take faɗowa da ruwan farkon damina tana ƙwanƙwasar kwanon ɗaki, akwai ta firji wadda masu zoɓo da kunun aya suke saye. Waɗannan masu tauri ne. Dusar ƙanƙara kuwa tururin ruwa ne da ya daskare tun yana cikin gajimare, ya sauko a hankali, ba nauyi, ba ƙara, kamar dusar gero idan ana sheƙa. A Winifeg idan ta kwanta a Nuwamba, sau da yawa ba ta tashi sai Maris ko Afrilu.

Lambar da ke da ɗan layi a gabanta

Ana auna zafi da sanyi da digiri. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, wato sifili. A Kano, ranar da jaura ta busa da asuba har yara suka kewaye murhu, ma'auni yakan nuna 12 ko 13 ne. Wato ko kusa da sifili ba mu je ba. A Winifeg kuwa, a watan Janairu, -20 da dare ba abin mamaki ba ne, wani lokaci har a wuce -30.

Ku lura da ɗan layin da ke gaban lambar. Ma'anarsa "ƙasa da sifili". Ku ɗauke shi kamar bashi. Wanda aljihunsa ba ko sisi yana kan sifili. Wanda ake bi naira 20 yana ƙasa da shi, wanda ake bi naira 30 kuma ya fi su duka shiga matsi. Haka -30 ta fi -20 sanyi. Idan ɗanku ya ce muku yau -25 ce, kada ku ga lambar da girma ku zaci ɗumi yake nufi.

Iska tana ƙara wa sanyi kaifi. Idan sanyi da iska suka haɗu suka kai -30, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin ƙasa da rabin awa. Kunne, hanci, kumatu da yatsu su ne suke fara kamuwa. Wurin yakan yi fari, ya yi tauri, mutum ya daina jin sa. A nan akwai abin da nake so ku riƙe, domin ya saɓa wa abin da muka saba. Mu idan hannu ya ƙandare, kanga shi muke yi a wuta ko mu murza. A can kuskure ne babba, don fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba, murzawa kuma tana lalata naman. Shiga ɗaki ake yi, a tsoma wurin a ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Idan bai dawo daidai ba, sai asibiti.

Me za a sa masa a jaka?

Ƙanwata ta so ta aika masa da ƙaton bargo. Abba ya ce, "Umma, ɗakunanmu da ɗumi, akwai na'ura a kowane gini. Man kaɗe nake so da yaji da kuka." Gaskiya ya faɗa. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska, sai leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, kamar dai a tsakiyar hunturunmu. Rigunan sanyin da ake sayarwa a kasuwanninmu kuma ba don -20 aka ɗinka su ba. Gara a ba yaro kuɗin ya saya a can. Abba a shagon gwanjo ya samu tasa.

Sutura hawa-hawa ake sawa: ta ciki mai kama jiki, suwaita a kanta, sannan babbar riga mai tare iska. Sai hula mai rufe kunne, safar hannu, da takalmi mai kaushin ƙasa saboda santsi. Idan aka shiga aji sai a rage, domin wanda ya yi gumi ya fita waje da jiƙaƙƙiyar riga ya fi kowa shan sanyi.

Duhun ya fi sanyin

A tsakiyar Disamba na kira shi, na ji muryarsa ta yi ƙasa.

"Kawu, sanyin da sauƙi, an yi masa tanadi. Duhun ne yake damuna."

Ranar 21 ga Disamba, hasken rana a Winifeg bai wuce kamar awa 8 ba. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, wajen ƙarfe 4 da rabi na yamma kuma ta faɗi. Mu a nan, ko a wannan ranar muna samun sama da awa 11. Yaro ya tafi aji da duhu, ya dawo da duhu. Azahar, la'asar da magariba duk sun taru cikin kamar awa huɗu. Babu zaman ƙofar gida, babu mai shayi a bakin titi, kowa ya ƙudundune yana sauri. Sai ranar Juma'a, idan ya hau bas ya je babban masallacin da ke titin Waverley, yake jin an yi masa sallama da fara'a.

Wannan ya tsaya min a rai. Hoton da yaranmu suke aikowa, suna murmushi cikin babbar riga, ba ya nuna wannan ɓangaren. Idan kun kira, kada ku tsaya a "ya karatu?" Ku tambaye shi wa ya gani yau, me ya ci, ya fita waje kuwa. Shi Abba abin da ya fitar da shi daga ɗaki shi ne ɗaukar hoto. Ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin hoto ɗaya kowace rana, alkawarin ya tilasta masa ya fita da rana ko da na minti 20 ne. A haka ya kai mahaɗar koguna biyu da ke tsakiyar birnin, Red da Assiniboine, inda ruwan yake daskarewa har mutane su yi tafiya da wasan sulu a kansa.

Me ya sa fari ya koma toka?

Yanzu mu koma kan hoton farko. Waya tana auna haske da kanta kafin ta ɗauka. An gina ta ne a kan zaton cewa abin da ke gabanta tsaka-tsaki ne, tsakanin fari da baƙi. Idan ta ga fari ya cika ko'ina, sai ta zaci haske ya yi yawa, ta rage shi. Nan take fari ya dusashe.

Gyaran ba wuya. Ka buɗe kyamara, ka taɓa fuskar wayar a kan abin da kake son ɗauka. A yawancin wayoyi wata 'yar alama mai kama da rana za ta fito. Ka ja ta sama kaɗan har farin ya yi kama da wanda idonka yake gani. Kada ka zarce, in ba haka ba sawun ƙafa da ƙananan inuwoyi za su ɓace, hoton ya koma kamar farar takarda.

Wannan dabara ba ta mutanen Kanada kaɗai ba ce. Ranar Sallah, idan ka ɗauki dattawa sanye da fararen kaya a filin idi, shaddar takan fito kamar ta sha wanki da ruwan rijiya. Haka ma tulin auduga, ko ranar da hazo ya rufe gari. Matsalar ɗaya ce, maganin ma ɗaya.

Sauran abin da Abba ya koya, da wahala ya koye shi. Sanyi yana kashe batir: wata rana wayarsa tana da caji kusan rabi ta mutu a bakin kogi, tun daga nan a aljihun ciki yake sa ta, jikin ƙirji, ba ya fito da ita sai zai ɗauka. Fuskar waya ba ta jin yatsa ta cikin safar hannu mai kauri, don haka da maɓallin ƙara murya yake ɗauka, bai cire safa ba. Yakan riƙe numfashi na ɗan lokaci, domin tururin baki yana rufe gilashin kyamara. Idan zai shiga ɗaki kuma, sai ya ɗaure wayar a leda tun yana waje, ya bar ta ta yi ɗumi a hankali. Kun ga yadda ledar ruwan sanyi take yin raɓa idan an fito da ita daga firji? Haka waya mai sanyi take yi a ɗaki mai ɗumi, raɓar kuma har cikinta take shiga.

Ya gane cewa fari zalla ba ya yin kyau a hoto, sai da abin da ido zai sauka a kai: jar hula, baƙin reshe, sawun mutum ɗaya da ya ratsa fili. Ya gane kuma a fara ɗauka kafin a taka wurin. Idan zai ɗauki mutum, sai ya nemi izini tukuna, wannan kuwa ladabi ne a can da nan.

Hoton da na fi so shi ne na ƙwayar dusar ƙanƙara ɗaya tak da ta sauka a kan baƙin hannun rigarsa. Da muka buɗa hoton da yatsu biyu, sai ga ta da rassa shida, kamar aikin mai ɗinkin hula. Ƙanwata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Shida ɗin ba dace ba ne, haka ruwa yake jeruwa idan ya daskare a sama. Wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma ya ɗauki irin wannan hoto a 1885, yana ɗan shekara 19. Kafin rasuwarsa a 1931 ya ɗauki sama da 5,000, bai samu biyu da suka zo iri ɗaya ba.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

A wannan darasi akwai ƙ da ɗ da ɓ da yawa. Ku karanta a gaɓa-gaɓa, da ƙarfi: ƙan-ƙa-ra, ɗu-mi, ra-ɓa, ƙu-dun-du-ne. Lanƙwasar nan tana canja ma'ana. "Raba" daban, "raɓa" daban. "Kara" na dawa ne, "ƙara" kuwa ta murya ce. Kowa ya rubuta jimla ɗaya da kowace kalma cikin huɗun nan.

Lissafi

A lokacin sanyi agogonmu yana gaban na Winifeg da awa 7. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba suna tura agogonsu gaba, sai tazarar ta koma awa 6. Agogon Maraɗi da Damagaram ɗaya ne da na Kano.

1. A watan Janairu, ƙarfe 9 na dare a Kano, ƙarfe nawa ne a Winifeg?
2. Uwa ta idar da sallar asuba ƙarfe 6, tana son kiran ɗanta. Ƙarfe nawa ne a wurinsa? Ya dace ta kira?
3. Jiya -18, yau -26. Wace rana ta fi sanyi, kuma da digiri nawa?
4. Kano tana 13, Winifeg tana -20. Digiri nawa ne tsakaninsu?

Aikin gida

Ka nemi abu fari a gidanku, riga ce a kan igiya ko gari a faifai. Ka ɗauke shi sau biyu: na farko yadda wayar ta ga dama, na biyu bayan ka ja alamar rana sama. Wanda ba shi da waya mai kyamara ya haɗu da na kusa da shi a aji. A littafinka ka rubuta kwanan wata, da wurin, da jimla biyu a kan bambancin da ka gani.

Wanda yake da wani nasa a nesa, ya aika masa hoto na biyun tare da saƙon da ya rubuta da hannunsa, ya kuma tambaye shi ƙarfe nawa rana ta faɗi a garinsu yau. Ku zo da amsar ranar darasi na gaba, za mu rubuta su a allo.