Darasi na 9: Idan Maciji Ya Sari Mutum, Ina Za A Kai Shi?

Karatu

Maciji ya fi sarar mutane a lokacin shuka da lokacin girbi. Manomi ya sa hannu ƙarƙashin dami, makiyayi ya ratsa ciyawa ba takalmi, mace ta je ɗebo itace da almuru. Macizai uku ne suka fi yi mana ɓarna: kububuwa da kasa da gamsheƙa. A cikinsu kububuwa ce ta fi kisa, musamman a yankunan Gombe da Taraba da Filato da Bauchi.

Kububuwa ƙarama ce, tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya ba. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya cin tuwo, ya yi hira, har a ce ai ya samu sauƙi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fitowa ta dasashi, ko cikin fitsari, ko daga tsohon rauni. Wani ma jinin a cikin kansa yake zuba, ba wanda ya gani. Wannan sauƙin na farko shi ne yake yaudarar iyali su zauna a gida.

Saboda haka da zarar an yi sara, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura. A sa wa ƙafar ko hannun kara ko katako don kada ya riƙa motsi, a ɗaura sako-sako. Kada a bar shi ya taka da ƙafarsa, a ɗauke shi. Kada a tsaya neman macijin.

Akwai abubuwan da muka gada, muke yin su da kyakkyawar niyya, amma suna cutarwa. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba yana tsayar da jini, naman ya mutu, har ta kai a yanke ƙafar. Tsotsar wurin ba ta fitar da dafi, haka ma baƙin dutsen da ake mannawa a wurin. Tsaga kuwa ta fi duka haɗari, domin wanda kububuwa ta sara jininsa ba zai tsaya ba. Kada a ba shi asfirin, yana ƙara zubar jini. Addu'a kam a yi ta, amma a yi ta ana kan hanya. Idan gamsheƙa ta feso dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi.

A asibiti za a ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalba mai tsabta, a jira minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, sai a yi allurar kashe dafi ta jijiya. Ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai yi ta, domin wani jikin yakan ƙi ta, sai an tsaya a kansa.

Babbar matsalar ita ce ba kowane asibiti ne ke da allurar ba. Tana da tsada, kuma wadda aka yi don macizan Indiya ba lalle ta yi aiki a kan kububuwarmu ba. Akwai asibiti na musamman a Kaltungo, Jihar Gombe, akwai kuma cibiya a Zamko, kusa da Langtang a Jihar Filato. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta ƙudura rage mace-macen da rabi kafin 2030. Amma wanda maciji ya sara a ƙauye ba zai jira 2030 ba. Abin da ke cin lokacinsa shi ne neman babur cikin dare, da neman rance, da yawo daga wannan asibiti zuwa wancan. Waɗannan kuwa mu za mu iya shirya musu tun kafin damina ta sauka.

Tambayoyi

1. Me ya sa sarar kububuwa take yaudarar mutane?
2. Me ya sa ba a yi wa wanda maciji ya sara tsaga?
3. Minti nawa ake jira a gwajin jini?

Aikin gida

Ku je ɗakin shan magani na garinku, ku tambayi ma'aikacin lafiya wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar kashe dafi. Ku rubuta sunan asibitin da kuɗin motar zuwa can. Ku ƙara da sunaye da lambobin wayar masu babur ko mota biyu da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare ne. A darasi na gaba za mu haɗa abin da kowa ya kawo a takarda ɗaya, mu kai wa mai unguwa, mu kuma tattauna yadda za a buɗe asusun gaggawa da kuɗin amfanin gona a kakar bana.