Yadda ake leƙen ilektiron cikin semikondakta da leza mai ƙyaftawa

Ƴan uwa ɗaliban fizik na nan Damagaram, musamman masu shirin fita karatun dakta, ga yadda aikin nan yake tun kafin ku shiga labo ku tarar da tebur cike da madubai.

Abin da ake son gani shi ne me ilektiron ke yi bayan haske ya buge shi cikin semikondakta irin su silikon ko galiyam asanaid, kuma abin na faruwa ne cikin femtosakan, wato ka raba sakan guda kashi biliyan, kowane kashi ka sake raba shi miliyan. Kamarar da aka saba da ita ba ta kai wannan saurin ba. Shi ya sa da tsawon hanya ake auna lokaci, in ka riƙe wannan to ka riƙe aikin. Irin dabarar ce ta sa Ahmed Zewail ɗan Masar ya samu kyautar Nobel a 1999.

Da fari cire agogo da zobe, sa tabaran kariya. Lezar titaniyam-safaya tana fidda haske na nanomita 800, ido da ƙyar yake ganinsa amma yana ƙona ido, kada ka taɓa duƙawa kanka ya zo daidai da tebur wallahi.

Sai ka raba hasken gida biyu, mai ƙarfi shi ne mai tadawa, mai raunin kuma mai leƙe. Mai tadawa na ɗauke da 1.55 eV (ma'aunin ƙarfi kenan), ratar galiyam asanaid kuwa, wato ƙarfin da ilektiron ke buƙata ya tsallaka sama, 1.42 ce, kenan ya isa ya cilla ilektiron sama har da rara. Shi kuma mai leƙe ka bi da shi ta madubin da ke zaune kan ɗan dogo mai motsi. Haske na cin milimita 0.3 a pikosakan guda, wato femtosakan dubu, tunda zuwa da dawowa ne, in ka ja madubin baya da milimita 0.15 ka jinkirta shi da pikosakan ɗaya cif. Ka ga madubi ya zama agogo.

Inda ake shan wuya shi ne haɗa su wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Sa ɗan ƙarfe mai huji a gurbin samfur har dukansu su wuce ta ciki, kuma ɗigon mai tadawa ya fi na mai leƙe faɗi. Daga nan sa kiristal na BBO, mai haɗa hasken biyu ya fidda shuɗi, kashe fitila, ka riƙa tura madubin sannu sannu kana kallon farar takarda a bayansa, in ɗigo mai shuɗi ya ɓullo a tsakiyar biyun to sun iso tare, nan ne sifirin agogonka. Yana iya cin yini guda, a yi haƙuri da shi, rubuta lambar nan take.

Canjin da za ka auna a hasken mai leƙe ɗan mitsitsi ne, wani lokaci bai kai ɗaya cikin dubu goma ba, don haka sa faifai mai huji yana datse mai tadawa, na'urar lokin, mai bin saurin datsewar nan, ta tsamo siginar daga hayaniya.

Zanen canjin bisa jinkiri zai tashi tsaye a sifiri sannan ya gangaro. Gangarar farko, wajen pikosakan, ilektiron ne ke zubar da rarar ƙarfinsa ya zama zafi cikin kiristal, wadda ke biye kuma komawarsa gurbinsa ne, nanosakan a galiyam asanaid, a silikon ya fi haka daɗewa nesa ba kusa ba. Ni wannan ta farkon ce ke ci min rai, don asarar da pannon sola ke yi kenan a kan rufin gidajenmu na Birni da Zango, tana cikin dalilan da Shockley da Queisser suka lissafa a 1961 cewa panno mai rata ɗaya ba ya wuce wajen kashi 30 cikin 100.

Kafin ka yarda da zanen, rage ƙarfin mai tadawa da rabi ka sake aunawa. In siffarsa ta canza to ka cika ma samfur haske, ƙara ragewa har ta tsaya.