Yadda ake wanke jallabiya ba tare da ta dafe ko ta ɗage ba

Kafin ka taɓa ruwa ma, juya bayan wuyan ko gefen ɗinkin ka karanta ɗan ƙyallen nan da kamfani ke liƙawa. Yawancin jallabiyoyi auduga ce zalla ko auduga haɗe da poliyesta, su kam a gida ake wanke su ba wata matsala. Amma mai nauyin nan ta ulu da Larabawa ke sawa da sanyi, don Allah kai ta wajen masu dirai kilin, ruwan zafi na taɓa ta za ta tsuke.

Sai ka zazzage aljihu, har na ƙirjin. Biro ɗaya ya isa ya kashe farar jallabiya, tishu kuma in ya jiƙe sai ya bi jikinta duka ya manne. Fara daban, mai kala daban, ko da mai kalar ba ta taɓa zuba ba.

Wuya da bakin hannu da hammata, nan ne aikin yake gaskiya. Irin ta Saudiyya mai tsayayyar kwala ta fi kowace kama datti saboda tana gogar fata duk yini, gumi da man shafawa su haɗu su yi wani layi ruwan ƙasa a cikin kwalar. Jiƙa wajen, goga sabulu, ka bar shi kamar minti 30 sannan ka bi da tsohon buroshin haƙori a hankali, kar ka murje kwalar da hannu biyu don abin da ke cikinta mai sa ta tsayawa zai karye kuma ba ya komawa daidai. Tabon turare mai maiƙo irin su oud, ɗiga masa sabulun wanke-wanke na ruwa. Ni dai a ganina turaren nan a fata ya kamata ya zauna tun farko.

Wankin kansa ba wuya. Juya ta bai-bai, ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi kada ya wuce digiri 30, omo kaɗan. In injin wanki ne sa shi a juyi mai laushi kuma kada ka cusa kaya da yawa. Mai aiki a wuya ko mai tuntu irin ta Oman da Imarat, hannu ya fi mata. Dauraye sosai har kumfa ya ƙare, sauran sabulu ma na sa fari ya dafe.

Maganar bilic kuma, mutane na ganin shi ne maganin fari, alhali mai kulorin ɗin nan yana mayar da poliyesta rawaya-rawaya, auduga kuma ya cinye zarenta sannu a hankali. Nemi mai iskar oksijin, ya fi sauƙi a kan yadi. Kuma kar ka kuskura ka haɗa bilic da binega ko wani sinadarin, iskar da ke tashi guba ce.

Kada ka murɗa ta wajen matsewa. Girgiza ta da ƙarfi, rataya a hanga mai faɗin kafaɗa, ja ɗinkin gefe da hannu ya miƙe, ka duba ƙasan bai taɓa ƙasa ba tunda doguwa ce. Mai kala a inuwa, fara za ta iya shan rana amma tana bushewa ka ɗauke.

Guga ta fi daɗi tana da ɗan danshi. Duba hoton dutsen guga a ƙyallen: ɗigo ɗaya digiri 110, biyu 150, uku 200 wanda na auduga zalla ne. Fara da kwala, sai hannu, sai jiki, mai duhu kuma ta ciki ake gogewa don kar ta yi sheƙi. In ka ga sauran tabo dakata ka sake wankewa, zafin guga gasa shi yake ya zauna daram.

Rataye ta a durowa bayan ta huce, ka cire ledar masu wanki don tana riƙe danshi har fumfuna ta fito.