Yadda Ake Ƙara Ƙwarewa a Wasan Ces Daga Kurakuran Zakarun Duniya

A ranar 12 ga Disamba, 2024, a Singafo, Gukesh Dommaraju ɗan ƙasar Indiya ya karɓe kambun duniya na wasan ces daga hannun Ding Liren na Sin da maki 7.5 da 6.5, yana ɗan shekara 18. Wasa na 14 ne ya raba gardama, kuma masana sun riga sun sa ran canjaras kafin Ding ya miƙa hasumiyarsa (ɗan wasan da ake kira rook) don musaya a taku na 55, alhali bishof ɗinsa yana maƙale a kusurwa. Gukesh ya musanya hasumiyar, ya tilasta musayar bishof, ya rage daga sarakuna sai dakaru (ƙananan 'ya'yan wasa), shi kuma yana da rarar dakare ɗaya. A taku na 58 Ding ya sallama.

Saboda haka mataki na farko shi ne ka fara karatunka daga ƙarshen wasa, ko da yake yawancin masu koyo sun fi son haddace buɗe-wasa saboda ya fi daɗi. Ka jera sarki da dakare ɗaya a gefe guda, sarki shi kaɗai a ɗaya gefen, ka yi ta bugawa har ka gane lokacin da dakaren zai kai layin ƙarshe ya zama sarauniya da lokacin da za a tare shi. Asirin yana cikin tsayuwar sarakunan biyu fuska da fuska da gida ɗaya a tsakaninsu, domin wanda taku ya faɗo a kansa shi ne zai kauce. Bayan wannan sai ka koma kan tsarin Lucena da na Philidor, waɗanda su ne tushen ƙarshen wasa na hasumiya, na farko don cin wasa, na biyu don tsira da canjaras. Daga nan ka ɗauki ɗabi'ar da za ta raka ka: kafin ka yarda da kowace musaya, ka lissafa abin da zai rage a kan allo bayanta.

Mataki na biyu shi ne bitar wasanninka, musamman waɗanda aka cinye ka. Ka sake bin wasan da kanka, ka rubuta abin da kake tunani a kowane taku mai nauyi, sannan ka buɗe manhajar nazarin ces irin ta Stockfish ka gwada hukuncinka da nata. Jerin yana da muhimmanci, domin wanda ya fara da na'ura amsa kawai yake gani, ba ya gano inda tunaninsa ya karkace. Kocin Gukesh na ƙuruciya, Vishnu Prasanna, ya nisanta shi daga irin waɗannan manhajoji na tsawon shekaru domin ya iya lissafi da kansa.

Na uku, ka ware mintuna kaɗan kullum don warware matsalolin dabara, waɗanda ake samu kyauta a shafin wasan ces na intanet mai suna Lichess. Kada ka taɓa ko ɗaya daga cikin 'ya'yan wasan sai ka hango jerin takun har ƙarshe.

Na huɗu shi ne agogo. A gasar Norway Chess ta 2025, tsohon zakaran duniya Magnus Carlsen ya riƙe wasa a hannunsa a karawarsa da Gukesh, amma lokaci ya matse shi, ya yi kuskure, ya sha kaye har ya daki tebur don takaici. A ganina wasannin gaggawa na minti uku sun fi cutar da mai koyo, domin suna saba masa da motsa hannu kafin tunani. Ka riƙa buga wasan aƙalla minti 15 ga kowane ɓangare, kana rubuta lokacin da ya rage maka bayan kowane taku goma, domin ka ga inda mintunanka suke zurarewa.