Ina za ka juya hancin mota? Yadda nake ajiye ɗakin bayan akori-kura

Duk watan Janairu ni da uwargida mukan bar birnin Finiks mu nufi Kwatsait, wani ɗan gari a hamadar jihar Arizona ta Amurka kusa da iyakar Kalifoniya. Ɗakin kwananmu yana ɗaure a bayan akori-kura: gado a saman kan direba, ƙofa a baya, firiji a hagu, babbar taga a dama. A filayen gwamnati da ke kewayen garin ana barin mutum ya yi kwana 14 kyauta, kuma babu layi babu shinge. Kai za ka zaɓi inda za ka fuskanta, zaɓin nan kuwa shi ne barcinka.

Iska ce ke fara magana, ɗan'uwa, rana ta biyo baya. Kafin ka kashe inji, sauka ka ɗebi ƙasa ka watsa sama, sannan ka duba hasashen yanayi a waya, domin iskar la'asar ba lallai ta zama ta tsakar dare ba. Inda take fitowa, can za ka juya hancin motar. An ƙera gaban mota ne don ya tsaga iska a kan titi, gefenta kuwa bango ne tsaye, ga tsawo ga nauyi a sama. Shekararmu ta farko na ba iskar arewa gefe don ina son kallon duwatsu ta taga. Kwana muka yi ɗakin yana rangaji kamar kwalekwale, ruwa na kaɗawa a tanki, uwargida ba ta runtsa ba. Ƙarfe uku na dare na fita na juya motar, nan take wurin ya natsu.

Wata ribar ita ce ƙofa. Idan hanci yana kallon iska, ƙofa ta faɗa a lungu: ba za a fizge ta daga hannunka ba, ƙura ba ta cika ɗaki, kuma a nan za ka kafa kujera ka ɗora shayi.

Da sanyi a Kwatsait abin yakan zo daidai. Iska ta fi zuwa daga arewa, rana kuma tana ratsawa ta kudu, ƙasa-ƙasa. Hanci arewa, ƙofa kudu, sai ta wuni tana shan hantsi, babbar tagarmu kuma ta kalli gabas, rana ta ɗumama ɗakin bayan asuba ba tare da mun ƙona gas ba.

Da zafi ba a zaman hamada. Mukan hau dajin garin Falagstaf, mai tudun sama da mita 2,000, inda iska ta fi zuwa daga kudu maso yamma. A nan ranar yamma ce abin gudu, musamman ga firiji mai aiki da gas, wanda ke fitar da zafinsa ta bangon waje. In ranar la'asar ta bugi bangon, madara za ta kwana da ɗumi. Da na juya hanci kudu maso yamma, bangon firiji yana samun ranar safe kawai, inuwa kuma ta faɗo bayan mota. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne alƙibla: a gida gabas muke cewa, amma daga Arizona arewa maso gabas take, kusan inda ƙofar ke kallo. Ina sauka sai in shimfiɗa darduma a inuwa in tayar da La'asar.

Ɗaga kai ka duba kada busasshiyar bishiya ta kasance a samanka. Kada ka kwana a busasshiyar ƙorama komai laushin yashinta, musamman daga Yuli zuwa Satumba, don ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya zuwa maka cikin dare. Janareta kuma ajiye shi inda iska za ta tafi da hayaƙinsa nesa da taga.

Bayan ka gama zaɓen fuska, sa katakai ƙarƙashin tayoyi har motar ta daidaita, domin firijin gas yana lalacewa in ya daɗe a karkace. In dole sai wani ɓangare ya ɗan fi tudu, bari ya zama wajen da kanka yake.