Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa abin wasan kwali mai motsi

Akwati ne na kwali, an soka masa tsinke daga wannan gefe zuwa wancan. Ana murɗa hannunsa sai abin da ke sama ya motsa: macijin rijiyar Kusugu ya leƙo ya koma, ko doki ya riƙa sukuwa irin ta hawan Sallar Gani a Daura. Duk wanda ya taɓa haɗa motar kara yana yaro ya san rabin aikin. A ɗaya rabin ake tafka kuskure, kuma kusan duka a cikin akwatin yake, ba a adon sama ba.

Na farko, farawa da ado. Mutum zai ɓata yini yana zana doki da lifidi, ya shafe komai da gam, sai a ƙarshe ya murɗa ya ji abu ya cije. Ka fara haɗa injin ba gam, ka juya shi kamar sau ashirin. In ya tafi sumul, sannan ka manna.

Sai takarda. Ta hoton kwafi nauyinta giram 80 ne a kowane murabba'in mita, ba ta iya ɗaukar komai. Siffofin sama suna son kati mai giram 160 zuwa 220, akwatin kuwa kwalin taliya ko na sabulu, wanda za ka samu a kowane shago. Ka yanka shi yadda layukan cikinsa za su tsaya a tsaye, domin in suka kwanta bangon lanƙwashewa zai yi. A kowace kusurwa ka manna ɗan kwali mai kusurwa uku, in ba haka ba akwatin zai riƙa rangaji. Wurin ninki kuma, ka fara bi da biron da tawadarsa ta ƙare a jikin rula, kada ka ninke da hannu kawai.

Inda aka fi shan wuya shi ne faifan turi, wato zagayayyen kwalin da ke jikin tsinken juyi yana tura sandar da ke ɗauke da siffar sama. Masu koyo kan huda shi a tsakiya, sannan su yi mamakin ganin babu abin da ya ɗaga. Dole hudar ta kauce wa tsakiya, kuma lissafinta mai sauƙi ne: tashin da sanda za ta yi ninki biyu ne na kaucewar. Faifai mai faɗin santimita 4, aka huda santimita 1 daga tsakiya, zai ɗaga maciji santimita 2. Kada kwaɗayin tashi mai yawa ya sa ka kai hudar can bakin faifan, domin hawan zai yi tsauri, sandar ta karkata ta maƙale. Falle ɗaya ma ba ya isa, sandar zamewa take yi ta faɗa gefe. Ka haɗa falle uku ko huɗu, ka goge bakinsu da sanfefa, ka shafa kyandir. Kada a sa mai, jiƙa kwali yake yi.

Wani lokaci tsinke na juyawa, faifai na tsaye. Tsinken tsire zagayayye ne, huda ma zagayayya, to me zai riƙe? Ka ɗan feƙe gefe ɗaya na tsinken da reza, ka sa gam, ka ƙara ƙananan kwali biyu dama da hagu su matse faifan. Haka nan a wajen akwatin, ka manna ɗan kwali a jikin tsinken a kowane gefe don kada tsinken ya riƙa yawo, amma ka bar rata kamar milimita 1.

Sandar sama ba ta tsayuwa daidai a huda kawai. Ka yanko robar zuƙar lemo mai tsawon santimita 3 ko 4, ka manna ta a rufin akwatin, sandar ta bi ta ciki. A ƙasanta ka sa mata tafi, faffaɗan kwali mai santimita 3. In ta hau ta ƙi sauka, rashin nauyi ne. Ɗan noti daga wurin bakanike, a ɗora kan tafin, ya wadatar.

Mai son yin mata biyu suna lugude a turmi, faifai mai siffar dodon koɗi yake buƙata, wanda ke ɗaga taɓarya a hankali ya sake ta tim. Gefe ɗaya kawai yake juyawa, kuma yara ba su san wannan ba, da an murɗa baya sanda ta karye. Ka zana kibiya kusa da hannun. Faifan biyu kuma su juya wa juna baya, in ba haka ba taɓaren tare za su sauka.

Gam fari irin na kafintoci ya fi, a ɗiba da tsinken ashana, a shafa kaɗan, a danne daƙiƙa talatin. Supa gulu yana bin tsinke ya shiga huda ya daskarar da injin gaba ɗaya. Kullun sitaci kuwa gayyatar kyankyaso da gara ne. A hunturun Katsina gam na bushewa kafin ka daidaita, don haka ɓangare ɗaiɗai ake shafawa, a danne faifan da littafi mai nauyi ya kwana. Da damina, musamman watan Agusta, kwali kan sha danshi ya kumbura, hudar da ta yi daidai a Janairu ta matse. Ka zura fensir ka ɗan murza ta buɗe, ka ajiye abin a cikin leda, nesa da ƙasa da bango.